Ɗigon Ruwa Ba Ya Kai Ƙarar Teku: Yadda Fahimtar Muhammad Iƙbal Game da Allah da Addini Ta Sauya

A watan Afrilu na shekarar 1911, a taron shekara-shekara na ƙungiyar Anjuman Himayatul Islam a birnin Lahor, wani lauya mai shekara talatin da uku ya miƙe a gaban jama'a ya karanta wata doguwar waƙa ta harshen Urdu da ya raɗa wa suna Shikwa, wato kai kuka. Wanda yake kai wa kukan shi ne Allah, kuma wanda yake kuka da shi ma Allah ne. A cikin baiti talatin da ɗaya, kowanne mai ɗango shida, Muhammad Iƙbal ya tsaya a madadin Musulmin duniya yana lissafa hidimar da suka yi wa sunan Ubangiji, sannan ya tambayi dalilin da ya sa rahama take sauka a gidajen wasu, tsawa kuwa take faɗa wa Musulmi. Mutane da yawa sun ji cewa ya furta abin da ke cin ransu, wasu malamai kuma suka ga rashin ladabi ga Mahalicci, har aka samu masu jifan sa da kafirci. An daɗe ana maimaita labarin wannan taƙaddama, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa shekara biyar kafin wannan rana Iƙbal ba zai iya rubuta irin wannan waƙa ba, domin a waƙoƙinsa na farko yana kwatanta Ubangiji da teku, ɗan Adam kuma da ɗigon da burinsa shi ne ya narke a ciki, ɗigo kuwa ba shi da bakin kai ƙarar teku.

An haifi Iƙbal a shekarar 1877 a garin Siyalkot na yankin Panjab, a cikin zuriyar da kakanninta Barahmanawan Kashmir ne, wato zuriyar malaman addinin Hindu, da suka musulunta. Mahaifinsa, Shaikh Nur Muhammad, tela ne wanda bai yi zurfin karatun littattafai ba, amma mutum ne mai zuhudu da son sufaye, kuma shi ne ya taɓa yi wa ɗansa nasihar cewa ya riƙa karanta Alƙur'ani tamkar a kansa ake saukar da shi. Ya koyi Larabci da Farisanci a wajen Sayyid Mir Hasan, sannan ya wuce Lahor inda ya karanci falsafa a hannun Baturen nan Thomas Arnold. A 1900 ya wallafa maƙala a kan koyarwar Abdulkarim al-Jili, mai littafin Insanul Kamil, wanda yana cikin manyan masu bayanin aƙidar da ake kira wahdatul wujud. A taƙaice wannan aƙida, wadda ake jingina wa Ibn Arabi da mabiyansa, tana cewa samuwa ta haƙiƙa ɗaya ce tak, ta Allah, duk abin da ido ke gani kuwa bayyanarta ne, kamar yadda igiyar ruwa take ba ta da wata samuwa baya ga ta kogin. A Indiya wannan tunani ya cika waƙoƙin Farisanci da na Urdu, ya kuma yi kama da wasu koyarwar falsafar Hindu, saboda haka matashin mawaƙi ba sai ya zaɓe shi ba, a cikinsa ya buɗe ido.

Waƙoƙinsa na wancan zamani sun nuna haka ƙarara. Ya fassara wata addu'ar Hindu da ake yi wa hasken rana zuwa Urdu, ya rera waƙar yabon ƙasar Indiya a 1904 inda yake cewa addini ba ya koyar da gaba tsakanin mutane, ya kuma rubuta wata da yake kiran Barahmane su zo su gina sabon ɗakin bauta, yana faɗin cewa shi a wurinsa kowace ƙwayar ƙurar ƙasarsa abin tsarkakewa ce. Da wani malamin Hindu da ya sani, Swami Ram Tirath, ya nutse a kogi a 1906, Iƙbal ya yi masa marsiyya yana kiran sa ɗigo marar natsuwa wanda yanzu ya rungumi teku. Ya kamata a lura cewa aƙidarsa da siyasarsa a wannan lokaci tsintsiya ɗaya ce ta ɗaure su. Idan samuwa ɗaya ce, to bambancin da ke tsakanin masallaci da ɗakin bautar Hindu bambancin tufafi ne kawai, kuma ƙasar haihuwa ta isa ta haɗa kowa. Shi ya sa ranar da ɗaya ta girgiza, ɗayar ma ba ta tsaya ba.

Girgizar ta zo ne a Turai, inda ya zauna daga 1905 zuwa 1908. Ya yi karatu a Kambirij, ya zama lauya a Landan, ya kuma sami digirin dakta a Munik da wani bincike a kan tarihin falsafa a ƙasar Farisa, wanda har a cikinsa yana magana a kan Ibn Arabi da girmamawa. Amma abin da idonsa ya gani ya fi abin da ya rubuta tasiri a kansa. Ya ga mutane masu himma da motsi, waɗanda suka ɗauki duniyar nan a matsayin abin gaske da ake sarrafawa, ya waiwayi nasa mutanen ya ga an daɗe ana rera musu cewa duniya mafarki ce kuma kamalar mutum ita ce ya shafe kansa. A gefe guda kuma ya ga inda kishin ƙasa yake kai al'ummomin Turai, wato gasar makamai da rabon ƙasashen raunana, har a watan Maris na 1907 ya gargaɗe su a waƙa cewa wayewarsu za ta kashe kanta da wuƙarta, domin sheƙar da aka gina a kan reshe mai rauni ba ta daɗewa. A hanyarsa ta komawa gida, da jirgin ruwa ya gifta tsibirin Sikiliya, ya yi kukan mulkin Musulmi da ya shuɗe a wurin. Ba a daɗe ba mutumin da ya tsarkake ƙurar ƙasa ya rubuta cewa a cikin sababbin gumakan zamani ƙasa ce babba, kuma rigarta ita ce likkafanin addini. Malaminsa na Kambirij, McTaggart, ya rubuta masa a 1920 yana mamakin yadda ya sauya, yana tuna masa cewa a zamanin da suke tattauna falsafa tare ya fi karkata ga masu ganin Allah da halitta abu ɗaya ne.

Akwai kuma wani ɓangare da masu yabon Iƙbal ba su cika son ambata ba, alhali in babu shi ba za a fahimci zafin Shikwa ba. Mutumin ya ɗanɗani shakka da kansa. A littafin da yake rubuta tunane-tunanensa a 1910 ya amsa cewa waƙoƙin Baturen Ingila Wordsworth ne suka tsare shi daga musun samuwar Allah a lokacin yana ɗalibi. A 1909 kuma, sa'ad da al'amuran aurensa da na aikinsa suka dagule masa, ya rubuta wa wata abokiyarsa, Atiya Faizi, wasiƙa mai ɗaci wadda a ciki yake cewa wahalhalun rayuwa suna sa hankali ya ji wuyar gaskata cewa Ubangiji mai alheri ne ya tsara su. Wanda ya rubuta wannan wasiƙa shi ne ya tsaya a gaban taron Lahor bayan shekara biyu, don haka ba na karɓar ra'ayin masu cewa kukan nasa dabarar wa'azi ce kawai da ya shirya don ya ja hankalin mutane zuwa ga amsar da zai ba su daga baya.

Shikwa ta fara ne da tunatarwa. Mai kukan yana cewa kafin zuwan Musulmi mutane suna sujada ga duwatsu da itatuwa, su ne suka kira salla a majami'un Turai da hamadar Afirka, suka kutsa da dawakinsu har cikin tekun Atilantika, suka tsayar da sarki Mahmud da bawansa Ayaz a sahu ɗaya ba tare da an san wane ne ubangida ba. Daga nan murya ta sauya, ya ce yau waɗanda ba su yi imani ba su ne da benaye da jin daɗi, Musulmi kuwa sai alkawarin lahira, har ya kai ga amfani da kalmar da masoyi ke jefa wa abin sonsa idan yana zargin zuciyarsa ta koma wani wuri. Wannan kalma ce ta fi tayar da ƙura, kuma ni ma ina ganin ta yi nauyi a harshen bawa. Sai dai mai karatu Bahaushe zai gane ciwon da ya haife ta, domin shekara takwas kacal kafin nan Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Malamanmu da suka ga wannan musiba sun fi fassara ta da alamun ƙarshen zamani, wasu suka zaɓi hijira zuwa gabas. Iƙbal ya ga irin wannan faɗuwa tun daga Masar har Dilli, amma shi sai ya ɗauki tambayar ya kai ta kai tsaye gaban Mai hukunci.

Amsar ta zo a lokacin yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913, a wani taron da aka yi a Lahor don tara wa Turkawa gudummawa, da waƙar Jawab-e-Shikwa mai baiti talatin da shida. A cikinta kukan ya keta sammai, mala'iku suna mamakin ƙarfin halin wannan halitta ta ƙasa, sai amsa ta zo cewa kyauta a shirye take, mai roƙo ne babu. Aka ce wa Musulmi kakanninku ne suka yi waɗancan ayyuka, ku me kuka yi? Kiran salla ya rage amma ruhin Bilal ya tafi, talakawa ne suke cika sahu yayin da masu dukiya suka shagala, kun zama Sayyidai da Mirzawa da Afganawa masu alfahari da dangantaka, kun zama komai, amma ku faɗa, Musulmi ne ku? Waƙar ta rufe da alkawarin cewa wanda ya cika amana ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duniya ƙaramar aba ce a gabansa, Allo da Alƙalami ma nasa ne. Mutane da yawa sun ɗauki wannan waƙa a matsayin tuba, sai dai Iƙbal bai janye ta farkon ba, ya buga su duka biyu a cikin diwaninsa na 1924. Abin da suka kafa tare shi ne dangantaka ta magana da amsa, tsakanin Ubangiji mai nufi da hukunci da bawa mai alhakin aikinsa, kuma a kan wannan harsashi ya gina duk abin da ya biyo baya.

Ginin ya fito fili a 1915 da Asrar-e-Khudi, doguwar waƙa da ya rubuta da Farisanci a kan karin Masnawin Jalaluddin Rumi. Kalmar khudi kafin wannan lokaci kalmar zargi ce, tana nufin son kai da girman kai, abin da kowane shehi ke umartar muridinsa ya yanka. Iƙbal ya juya ta, ya ce tana nufin wannan cibiya da ke cikin mutum wadda take cewa ni, mai nufi da zaɓi da ɗaukar amana, kuma aikin addini shi ne ya ƙarfafa ta har ta cancanci tsayawa a gaban Allah. Ya shimfiɗa mata matakai uku na tarbiyya: ɗa'a ga shari'a irin ta raƙumi mai haƙurin ɗaukar kaya, sannan mallakar zuciya, sannan halifancin Allah a bayan ƙasa. Ya kawo labarin tumakin da suka gaji da farmakin zakuna, sai wata tsohuwar tunkiya ta yi shigar mai wa'azi ta koya wa zakunan cewa cin ciyawa shi ne tsarki, har haƙoransu suka dakushe suna kiran lalacewarsu wayewa. Ya sa Aflatun, masanin falsafar Girka, a cikin wannan garke saboda ya raina duniyar da ake gani, sannan ya juya kan mawaƙi Hafizu na Shiraz, wanda masu karatun Farisanci suke ɗauka tamkar waliyyi, ya ce a yi hattara da ƙoƙonsa domin akwai guba a ciki.

Nan fa ya taɓo wuri mai zafi. Manyan masu son tasawwufi irin su Khwaja Hasan Nizami na Dilli suka yi masa ca a jaridu, dattijon mawaƙi Akbar Allahabadi ma bai ji daɗi ba, har ta kai a bugu na biyu Iƙbal ya cire baitocin da suka shafi Hafizu. Ya bayyana cewa bai musa gwanintar Hafizu a waƙa ba, abin da yake tsoro shi ne maye da kasalar da irin wannan waƙa take zuba wa al'ummar da take ƙarƙashin mulkin wasu. Mai karatu a ƙasarmu, wanda ya saba da jayayyar 'yan ɗariƙa da masu sukar ɗariƙa, zai so ya san sahun da zai ajiye Iƙbal, amma mutumin bai dace da ko ɗaya ba. Har ya bar duniya Rumi ne shehinsa na ruhi, yana ziyartar ƙaburburan waliyyai, kuma ya sami abin dogaro a wajen Shaikh Ahmad Sirhindi, sufin Indiya da ya rasu a 1624, wanda ya koyar da cewa kaɗaitakar da mai suluki yake gani a halin fana'i gani ne na zuciyarsa, amma bawa yana nan bawa, Ubangiji yana nan Ubangiji. Abin da Iƙbal ya ƙi shi ne a mayar da narkewa ta zama ƙarshen tafiya. Ya rubuta cewa a duniyar ƙauna rabuwa ta fi saduwa daraja, domin saduwa tana kashe bege, rabuwa kuwa tana rayar da nema. Ya kuma kawo maganar wani sufi, Abdulƙuddus na Gangoh, da ya ce Annabi ya hau har sama mafi ɗaukaka ya dawo, shi kuwa da ya kai can da ba zai dawo ba, sai Iƙbal ya ce a wannan jimla ɗaya ake ganin bambancin sufi da Annabi, domin Annabi yana dawowa ne ya shiga tarihi ya sake masa fasali.

Daga nan harshensa da Ubangiji ya ƙara sakewa. A diwaninsa na 1923, wanda ya rubuta a matsayin amsa ga mawaƙin Jamus Goethe, akwai wata gajeriyar muhawara wadda a cikinta Allah yake tuhumar ɗan Adam cewa an halicci duniya daga ruwa da yumɓu ɗaya, shi ya raba ta ƙasa-ƙasa, an ba shi ƙarfe ya ƙera takobi da bindiga, ya yi wa itace gatari, ya yi wa tsuntsu mai waƙa keji. Mutum ya amsa da cewa Kai ka halicci dare ni na yi fitila, Ka halicci yumɓu na yi ƙoƙo, Ka halicci hamada da duwatsu da dazuzzuka ni na yi lambuna, ni ne mai mayar da dutse madubi, mai fitar da magani daga dafi. Abin lura shi ne babu wanda ya ƙaryata wani a cikin wannan muhawara, tuhumar gaskiya ce, amsar ma gaskiya ce, kuma mawaƙin ya bar su a haka. Irin wannan tunani ne ya haifi baitinsa da ya fi kowanne yawo a bakin mutane, inda yake cewa ka ɗaukaka kanka har ya zama kafin a rubuta kowace ƙaddara Allah da kansa zai tambayi bawa abin da yake so.

Abin da ya rera a waƙa ya yi ƙoƙarin kafa masa hujja a laccocin da ya gabatar da Turanci a Madras da Haidarabad da Aligar a ƙarshen shekarun 1920, waɗanda aka buga a 1930, aka sake buga su da ƙarin lacca ta bakwai a 1934, a kan sake gina tunanin addini a Musulunci. A ciki ya ce hujjojin nan uku da masana falsafa suka saba kafawa don tabbatar da samuwar Allah ba su kai inda ake so ba, tabbaci yana zuwa ne daga ɗanɗanon zuciya wanda hankali zai auna daga baya. Ya kira Allah Zati na ƙarshe mai cewa Ni, ya kuma karanta ayar haske ta Suratun Nur da wata fahimta mai kyau, yana nuna cewa ayar ba ta bar hasken a warwatse ba, ta tattara shi a fitila, fitilar a cikin gilashi, gilashin kamar tauraro, wato tana kore zaton cewa Allah wani abu ne da ya bazu a cikin halitta ba shi da zati na kansa. Ya dogara da ayar da ke cewa a kullum Shi yana cikin wani sha'ani, da wadda ke cewa Yana ƙara abin da Ya so a cikin halitta, ya ce ashe duniya ba gini ba ce da aka gama aka rufe. A kan haka ya fassara ƙaddara da cewa ita ce taskar yiwuwar da aka ajiye a cikin kowane abu, ba jerin abubuwan da aka riga aka tsara ɗaya bayan ɗaya suna jiran lokacinsu ba, yana kafa hujja da cewa Allah ba Ya canja abin da ke ga mutane sai sun canja abin da ke ga zukatansu.

A nan ne nake ganin Iƙbal ya yi nisan da ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai ba. Don ya kare 'yancin bawa, ya ce Allah da nufinSa Ya iyakance ikonSa ta hanyar halittar masu zaɓi, ya kuma yi bayanin ilmin Allah game da abin da zai zo ta hanyar da take da wuyar daidaitawa da abin da malaman tauhidi suka tafi a kai. Ya ce Aljanna da Wuta halaye ne ba wurare ba, ya fassara fitar Annabi Adamu daga Aljanna da farkawar ɗan Adam zuwa sanin kansa. Mai karatu zai ji ƙamshin Bafaranshe Bergson da sauran masana falsafar Turai na wancan zamani a waɗannan shafuka, kuma ba mamaki da malamai da dama, har da masu ƙaunar waƙoƙinsa, ba su sake jiki da littafin ba. Abin da zan faɗa don yi masa adalci shi ne cewa shi da kansa ya rubuta a gabatarwa cewa babu maganar ƙarshe a tunanin falsafa, kuma mai yiwuwa a zo da ra'ayoyin da suka fi nasa inganci. Ciwon da yake son warkarwa kuwa na gaske ne, wato yadda aka mayar da imani da ƙaddara matashin da raggo ke ɗora kai, azzalumi kuma ya mayar da shi garkuwa.

Wani abin mamaki shi ne cewa da tafiya ta yi nisa sai ya sake kusantar wasu daga cikin waɗanda ya yi hannun riga da su. Mansur al-Hallaj, wanda aka kashe a Bagadaza a shekarar 922 kuma ake jingina masa kalmar ana'l-haƙƙ, wato ni ne Gaskiya, ya koma gwarzo a wurinsa, domin ya fahimci kalmar tasa a matsayin tabbatar da cewa zatin ɗan Adam gaskiya ne mai wanzuwa a cikin Zatin da ya fi shi, ba ɗigo ne ya zame cikin teku ba. A laccocin ma ya ce muna rayuwa muna motsi kamar lu'ulu'u a cikin kwararar rayuwar Ubangiji, a waƙar da ya yi wa masallacin Kurɗuba na ƙasar Andalus bayan ziyararsa ta 1933 kuma ya ce hannun mumini hannun Allah ne. Wannan ya sa wasu manazarta suke cewa a ƙarshen rayuwarsa ya koma wahdatul wujud ta wata ƙofa. Ni ban ga haka ba, ko da yake na yarda cewa tekun ya dawo cikin harshensa. Bambancin shi ne yanzu abin da ke cikin tekun lu'ulu'u ne, wanda ruwa ya kewaye shi ta ko'ina amma bai narkar da shi ba. Ayar da yake yawan komawa gare ta ita ce wadda ta siffanta Annabi a daren Mi'iraji da cewa ganinsa bai karkata ba kuma bai ƙetare haddi ba, da wadda ta ce kowa zai je wa Allah ranar ƙiyama shi kaɗai.

A Jawid Nama ta 1932, inda Rumi ya ja shi suka ratsa sammai, ya haɗu da Jamaluddin al-Afgani, ya haɗu da Mahadin Sudan, ya kuma ga Bajamushen masanin falsafa Nietzsche a wani matsayi shi kaɗai, mutumin da Iƙbal yake cewa zuciyarsa mumina ce ƙwaƙwalwarsa kafira, wanda ya tsaya a kan la ta kalmar shahada bai ƙarasa zuwa illa ba. A wannan littafi hatta Iblis kuka yake kai wa Allah cewa ɗan Adam ya yi laushi da yawa, yana faɗuwa tun ba a kama kokawa ba, yana roƙon a ba shi abokin karawa na gaske. A diwaninsa na 1935 ya tsayar da Lenin, jagoran juyin juya halin gurguzu na Rasha, a gaban Allah yana tambayar ranar da jirgin jari-hujja zai nutse, sai umarni ya fita ga mala'iku cewa su tashi talakawan duniya daga barci, su ƙone kowace zangarniya ta gonar da ba ta ciyar da manominta. Yayin da yake ba waɗannan baƙi damar magana a fadar Ubangiji, harshensa a kan masu riƙe da addini a gida sai ƙara kaifi yake yi. Ya zargi malamin da ya mayar da addini jayayya da kafirta mutane, ya kuma sa wani muridi ya koka cewa gidansa ko fitilar yumɓu babu, gidan shehinsa kuwa yana haske da lantarki, ya ce sheƙar shaho ta koma hannun hankaki.

Daga farkon 1934 ciwon maƙogwaro ya danne muryar da ta karanta Shikwa, matarsa Sardar Begum ta rasu a 1935 ta bar masa ƙananan yara biyu, ganinsa ma ya yi rauni. Babban burinsa a waɗannan shekaru shi ne ya yi aikin hajji ya ziyarci Madina, kuma ya fara tsara gajerun baitoci masu ɗango huɗu a matsayin tsarabar da zai kai can, yana kwatanta kansa da tsuntsun da yamma ta yi masa a hamada ya buɗe fiffike yana neman sheƙarsa. Har a cikinsu bai daina yi wa Ubangijinsa tambayoyi masu ƙarfi ba, amma wata murya ta shigo wadda ba a ji ta a taron 1911 ba. Mutumin da ya taɓa lissafa wa Allah ayyukan al'ummarsa a bainar jama'a yanzu yana roƙon cewa idan ranar hisabi ta zo kada a kunyata shi a gaban Annabi, a duba littafinsa a ɓoye daga idonsa. Ya rasu da asubahin 21 ga Afrilu, 1938, aka binne shi a gefen matakalar babban masallacin Badshahi na Lahor. Baitocin sun fito bayan wasu watanni da sunan Armugan-e-Hijaz, wato tsarabar Hijaz, shi kuwa bai samu zuwa ba.